Yadda Jam'iyyu Ke Sarrafa Harshe Lokacin Binciken Tsige Shugaba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina rubuto wannan wasiƙa ne daga Gadarif, a gabashin Sudan, inda mu Hausawa muke zaune tun zamanin kakanni, muna noman dawa da riɗi, muna kuma bin labarin ƙasar asali da na sauran duniya ta rediyo da wayar hannu. Ni tsohon malamin makaranta ne, na koyar da tarihi shekaru masu yawa kafin in ajiye alli, kuma jaridarku tana cikin 'yan abubuwan da nake karantawa da Hausar boko duk ranar da intanet ta samu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda kafafen labarai na Hausa suke kawo rahoton binciken tsige shugabanni, domin na daɗe ina lura da cewa jam'iyyun da ke rikicin suna zaɓar kalmominsu da gangan, mu kuma sai mu fassara su yadda suke, mu miƙa wa mai karatu kamar su ne ainihin labarin.

Zan fara da abin da ya faru a gabana. Wata safiya a watan Disambar 2019, muna zaune wurin mai shayi a bakin kasuwar hatsi, wani abokina dillalin riɗi ya iso yana murna, ya ce Trump ya tafi, ya ji da kunnensa an ce an tsige shi. Na ce masa mutumin yana nan kan kujerarsa, ya ce ai ni ne ban saurari labarai ba. Muka yi ta gardama har shayi ya huce, kuma ban ga laifinsa ba, domin abin da aka faɗa masa da Hausa ke nan. A harshenmu abin da aka tsige ya rabu da mazauninsa, kamar gashin kaza, ba ya komawa. Abin da Majalisar Wakilan Amurka ta yi a ranar 18 ga Disamba kuwa tuhuma ce, wadda ta samu ƙuri'a 230 a kan 197 a laifi na farko da 229 a kan 198 a na biyu, sannan aka tura shari'ar Majalisar Dattawa, wadda ta wanke shi a ranar 5 ga Fabrairun 2020. Sau huɗu ke nan Majalisar Wakilai tana tuhumar shugaban ƙasa a tarihin Amurka: Andrew Johnson a 1868, Bill Clinton a 1998, sai Trump a 2019 da 2021, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da dattawa suka raba da mulki. Wannan ruɗanin ya sake dawowa a Disambar 2024 game da Yoon Suk Yeol, shugaban Koriya ta Kudu a lokacin, wanda majalisa ta dakatar a ranar 14 ga wata, alhali kotun tsarin mulki ba ta sauke shi ba sai ranar 4 ga Afrilun 2025.

Wani zai ce wannan ƙaramin kuskuren fassara ne. A ganina ya fi haka, domin jam'iyyar da ke tuhuma tana so jama'a su ji kamar an riga an gama da shugaban, jam'iyyarsa kuma tana so idan aka wanke shi daga baya a ji kamar ya tashi daga kabari, kuma kalma ɗaya da muka yi amfani da ita ba a muhallinta ba ta yi wa kowannensu aiki kyauta.

Dalilin da ya sa magana take da wannan nauyi a lokacin bincike lissafi ne mai sauƙi. Tsarin mulkin Amurka yana buƙatar kashi biyu cikin uku na dattawa kafin a sauke shugaba, wato 67 cikin 100 idan kowa ya halarta. A 2019 'yan Rifablikan suna da kujeru 53, saboda haka sai 'yan Dimokurat sun janyo mutum 20 daga jam'iyyar shugaban kafin su kai gaci, kuma babu wanda ya san siyasar ƙasar da ya ɗauka hakan zai yiwu cikin sauƙi. Tun a 1970 Gerald Ford, yana ɗan majalisa kafin ya zama shugaba, ya faɗi cewa laifin da ya cancanci tuhuma shi ne duk abin da mafi rinjayen 'yan Majalisar Wakilai suka ɗauke shi haka a lokacin. Idan kuwa haka ne, to alƙalan shari'ar 'yan siyasa ne masu tsoron akwatin zaɓe, kuma duk maganar da jam'iyya ta fitar tana nufin kunnen mai jefa ƙuri'a ne a mazaɓar sanata, domin shi ne zai hana sanatan ɓallewa ko ya ba shi ƙwarin guiwar yin haka. Saƙon jam'iyya a irin wannan lokaci shinge ne da ake kewaye garke da shi.

Wanda ya bi binciken 2019 mako bayan mako zai ga yadda ake matsar da wannan shinge. Zargin shi ne cewa a wata hira ta waya ranar 25 ga Yuli, Trump ya nemi shugaban Yukren, Volodymyr Zelensky, ya binciki Joe Biden da ɗansa, a daidai lokacin da aka riƙe tallafin tsaro na kusan dala miliyan 400 da majalisa ta amince a bai wa ƙasar. Shugabar majalisa Nancy Pelosi ta sanar da fara bincike ranar 24 ga Satumba. Washegari fadar shugaban ta fitar da rubutaccen bayanin hirar, shi kuma ya yi ta nanata cewa hirar ba ta da aibi ko kaɗan, magoya bayansa suna cewa kowa ya je ya karanta da kansa, sun kuma san mutum nawa ne zai karanta. Da aka ga bayanin bai kashe wutar ba, sai aka sauya akala daga tambayar ko ya aikata zuwa tambayar yadda ake binciken. Lauyan fadar ya rubuta wa majalisa ranar 8 ga Oktoba cewa ba za su ba da haɗin kai ba, saboda zauren bai kaɗa ƙuri'ar amincewa da binciken ba. Ranar 23 ga wata wasu 'yan Rifablikan suka kutsa ɗakin da ake ɗaukar shaida a asirce, suka tsayar da zama na sa'o'i, suna cewa ana yin komai a ɓoye, alhali 'yan jam'iyyarsu da ke cikin kwamitocin suna da kujera a ɗakin kuma suna yi wa shaidu tambayoyi. Da zauren ya kaɗa ƙuri'ar ranar 31 ga Oktoba, 232 a kan 196, aka kuma fara sauraron shaidu a bainar jama'a ranar 13 ga Nuwamba, sai maganar ta koma cewa shaidun ji-ta-ji-ta suke kawowa. Da jakada Gordon Sondland, wanda Trump ne ya naɗa shi, ya tabbatar ranar 20 ga Nuwamba cewa an gindaya sharaɗi kafin a bai wa Zelensky ganawar da yake nema, sai aka ce ai kuɗin an sake su tun 11 ga Satumba kuma Yukren ba ta sanar da binciken ba, don haka babu wanda aka cuta. A ƙarshe, a gaban dattawa, Sanata Lamar Alexander, ɗan jam'iyyar Trump, ya yarda cewa abin ya faru kuma bai dace ba, amma ya ce a bar wa masu zaɓe su yanke hukunci a Nuwamba. Daga babu aibi zuwa an yi amma bai kai a sauke shi ba, tafiya ce ta wata huɗu, kuma jaridar da ta riƙa kawo kowace hujja ita kaɗai a ranarta, ba tare da tuna wa mai karatu ta jiya ba, ta taimaka wajen ɓoye tafiyar.

Su ma 'yan Dimokurat ba su bar harshensu sake ba. Makonnin farko suna ta maimaita wata kalmar Latin, quid pro quo, wadda lauyoyi suke so amma talakan Amurka bai saba da ita ba. Mu da muke da ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ba mu sha wahalar gane ta ba, kuma na yi dariya ranar da na ga Bahaushe ya fi Ba'amurke saurin fahimtar abin da ake zargin shugaban Amurka da shi. A tsakiyar Nuwamba sai Pelosi ta fara cewa cin hanci, kalmar da kowa ya sani kuma wadda tsarin mulkin ƙasar ya ambata da sunanta tare da cin amanar ƙasa a cikin laifukan da ake sauke shugaba a kansu. Amma da aka zo rubuta takardar tuhuma a Disamba, ba a sa cin hanci a matsayin laifi mai zaman kansa ba, an tsaya kan amfani da mulki ta hanyar da ba ta dace ba da kuma hana majalisa aikinta. Kalmar ta yi aikinta a talabijin, aka ajiye ta a bakin ƙofar shari'a. Duk kafar da ta buga wa masu karatunta cewa ana tuhumar Trump da cin hanci, ba tare da ta ce Pelosi ce ta faɗa ba, ta ɗauki kayan talla ta sa a gurbin takardar kotu.

Kalmar da ta fi damuna ita ce juyin mulki. Trump ya kira binciken da wannan suna a farkon Oktoban 2019, kamar yadda Jam'iyyar Ma'aikata ta Barazil ta kira shari'ar shugabar ƙasar, Dilma Rousseff, a 2016, wadda dattawa suka sauke ranar 31 ga Agusta da ƙuri'a 61 a kan 20 bisa zargin yin rufa-rufa a lissafin kasafin kuɗi. Ina iya fahimtar ɓacin ran mutanen Dilma, domin waɗanda suka kalli zaman majalisar wakilan ƙasar sun ga 'yan majalisa suna sadaukar da ƙuri'arsu ga iyalansu da addininsu, kaɗan ne suka taɓo batun kasafin. Duk da haka, mu a Sudan mun san juyin mulki da idonmu: Abbud a 1958, Numeiri a 1969, Bashir a 1989, sai kuma 25 ga Oktoban 2021. Mun san shi da taken soja a rediyo da asuba, da tankoki a kan gadoji, da yanke waya. Idan jarida ta sa wannan kalma a kanun labari game da zaman majalisa da aka yi bisa doka, mai karatu a Gadarif ko Kano ko Yamai zai ga hoton da ya sani, wanda ba shi ne ya faru ba. Haka ma bi-ta-da-ƙulli, wadda ta zama fassarar da kowa ke kamawa da zarar shugaba ya ce ana farautarsa. A Hausa wanda ake yi wa bi-ta-da-ƙulli mutum ne da ake zalunta saboda tsohuwar gaba, don haka kalmar tana ɗauke da hukunci a cikinta, kuma wanda ya furta ta ba tare da jingina ta ga mai ita ba ya riga ya wanke wanda ake zargi.

Ba ina cewa gwanintar baki tana cin kowace shari'a ba. A 1998 ta yi wa Clinton aiki, saboda jam'iyyarsa ba ta ɓata lokaci wajen cewa bai yi abin kunyar da ake zarginsa da shi da wata ma'aikaciyar fadarsa ba. Sun ce ya yi, a tsawata masa a wuce wurin, wannan lamari ne tsakaninsa da iyalinsa, ƙasa kuma tana da ayyuka a gabanta. 'Yan Rifablikan suka nace cewa batun ƙarya ce bayan rantsuwa, jama'a suka ƙi saye. A zaɓen Nuwambar shekarar jam'iyyar shugaban ta ƙara kujeru 5 a Majalisar Wakilai, abin da ba a saba gani ba a zaɓen tsakiyar zango, shugaban majalisa Newt Gingrich ya sauka, kuma a Fabrairun 1999 ko rinjaye mai sauƙi masu tuhuma ba su samu ba a gaban dattawa. Richard Nixon kuwa ya yi shekara biyu yana riƙe da garkensa da irin waɗannan dabaru. Kakakinsa ya kira fasa ofishin jam'iyyar Dimokurat da aka yi a ginin Watergate a 1972 ƙaramar sata, shi kansa ya tsaya a 1973 ya ce shi ba ɗan damfara ba ne. Amma a cikin jam'iyyarsa akwai Sanata Howard Baker da ya riƙa tambayar me shugaban ya sani kuma yaushe ya sani, sannan Kotun Ƙoli ta tilasta shi miƙa faya-fayen da ya naɗa a ofishinsa. Aka saki wanda ya tona asirin ranar 5 ga Agustan 1974, ranar 7 ga wata Barry Goldwater da wasu manyan jam'iyyar suka je suka faɗa masa ƙuri'unsa sun ƙare, ranar 9 ya bar fadar. Muryarsa da aka ji a faifai ta fi ƙarfin duk abin da masu tsara masa magana za su iya ƙirƙirowa.

Ya Edita, na daɗe a Amurka saboda a can ne aka fi ajiye bayanan abin, amma Najeriya ce ta fi shafar masu karatunka. Sashe na 143 na kundin tsarin mulkin 1999 ya shimfiɗa hanya mai tsawo: takardar zargi da aƙalla kashi ɗaya cikin uku na 'yan Majalisar Tarayya suka sa wa hannu, sannan kowace majalisa ta amince da kashi biyu cikin uku cewa a bincika, sannan alƙalin alƙalai ya naɗa kwamitin mutum bakwai da zai kawo rahoto cikin wata uku, sannan a sake neman kashi biyu cikin uku a kowace majalisa. Babu shugaban Najeriya da aka taɓa kaiwa ƙarshen wannan hanya. A Agustan 2002 Majalisar Wakilai ƙarƙashin marigayi Ghali Umar Na'abba ta bai wa Obasanjo wa'adin mako biyu ya sauka ko a tsige shi, a kan batutuwan da suka haɗa da aiwatar da kasafi da tura soja Odi da Zaki Biyam, kuma Na'abba da Obasanjo duk 'yan PDP ne. Ba a jima ba maganar ta tashi daga kan zarge-zargen ta koma kan wane yanki ne yake son ƙwace mulki daga wane, wanda shi ne shingen da ya fi kowanne arha a Najeriya. A Yulin 2022 sanatocin adawa suka fice daga zaure suka bai wa Buhari wa'adin mako shida kan tsaro, wa'adin ya cika ba a gabatar da takarda ba. A duka lokutan biyu kalmar tsigewa ta cika kanun labarai, tambayar sa hannu nawa aka tara kuwa sai mai karatu ya yi tono kafin ya same ta.

A jihohi abin ya fi muni, domin a can ana kaiwa ga yanka. Dattawanmu a nan har yau suna tuna Alhaji Balarabe Musa, gwamnan Kaduna na PRP, wanda majalisar da NPN ke da rinjaye a cikinta ta ƙi amince masa da kwamishinoni, sannan ta tsige shi a Yunin 1981. Ɓangare ɗaya ya ce gwamna ne mai taka doka, ɗayan ya ce talaka ake hukuntawa, kuma bayan shekaru fiye da arba'in mutane da yawa sun riƙe taken ɓangarensu, kaɗan ne za su iya kawo maka laifi biyu daga cikin takardar tuhumar. Rashidi Ladoja na Oyo an tsige shi a Janairun 2006, Kotun Ƙoli ta mayar da shi a Disambar shekarar saboda an saɓa ƙa'ida. Murtala Nyako na Adamawa an tsige shi a Yulin 2014, kotu ta soke tsigewar bayan wa'adin mulkinsa ya wuce. Wannan ya nuna cewa kukan an saɓa ƙa'ida wani lokaci gaskiya ne tsagwaronta, wani lokaci kuma borin kunya ne, kuma mai karatu ba zai iya bambancewa ba sai jarida ta faɗa masa abin da sashe na 188, mai magana kan tsige gwamna, ya tanada da abin da aka yi a zauren. Sojojin baka na kowace jam'iyya suna nan a gidajen rediyo suna aikin da aka biya su, babu buƙatar jarida ta zama ta uku.

Mu a nan ba mu taɓa samun damar wannan gardama ba, kuma ina faɗin haka da ɗan kishi. A Disambar 1999, da majalisar da Hasan Turabi ke shugabanta ta yunƙura rage ikon shugaban ƙasa, Bashir ya rusa ta ya kafa dokar ta-ɓaci. Da farashin burodi ya tayar da mutanen Atbara a Disambar 2018, Gadarif na cikin garuruwan da suka fara bi, gwamnati ta ce masu kutse ne da 'yan koren waje, titi kuma ya amsa da kalmomi biyu na Larabcin Sudan, tasƙut bas, wato ta faɗi kawai. Ban taɓa jin saƙon siyasa da ya fi wannan kaifi ba, kuma ya kai ga faɗuwar Bashir ranar 11 ga Afrilun 2019. Sai dai kalmomi biyun ba su ɗauke da takardar tuhuma ko kwamiti ko adadin ƙuri'a, soja ne suka kammala aikin, kuma yaƙin da ya biyo baya tun Afrilun 2023 muna ganinsa a makarantunmu da suka cika da 'yan gudun hijira. Ƙasar da ke da hanyar sauke shugaba a zaure tana da abin da ya cancanci a kawo labarinsa daidai.

Roƙona gare ka shi ne jaridarku ta tsayar da ƙa'ida a ɗakin labarai: a ce an tuhumi shugaba idan majalisa ta tuhume shi, a ce an dakatar da shi idan dakatarwa ce, a ajiye tsigewa sai ranar da ya bar kujera. Kalmomi irin su bi-ta-da-ƙulli da juyin mulki da cin hanci a jingina su ga wanda ya faɗa, da sunansa da jam'iyyarsa, a kuma gaya mana idan abin da yake faɗa yau ya saɓa wa abin da ya faɗa makon jiya. A kowane rahoto a ba mu layi biyu da ke nuna matakin da ake, ƙuri'a nawa doka take buƙata, kuma kujeru nawa kowace jam'iyya take da su. Abokina dillalin riɗi har yanzu yana cewa shi abin da aka faɗa masa ya faɗa, kuma zan so in kai masa jaridar da za ta raba mu wannan gardama.

Allah ya ƙara basira, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya. Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Gadarif, Sudan